Takwando don kare kai: wanne kulob zan kai yarona, na masu sulke ko na masu safar hannu?

Baban Mubarak, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka yi takwando da jikinsu, ba waɗanda suka gani a fim ba.

Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, shekarata 11 a kan teburin nan. Babban ɗana Mubarak shekararsa 14. Sati uku da suka wuce na aike shi ya kai wa wani kwastoma wayar da na canza wa gilashi. Bayan la'asar ne, ko kiran magariba ba a yi ba. Yana sauka daga adaidaita sahu wasu yara biyu suka tare shi a bakin lungu, ɗaya ya shaƙe masa wuyan riga, ɗaya ya zura hannu a aljihunsa. Bai ga wuƙa ba, amma ya ce wanda ya riƙe shi ɗaya hannun nasa na cikin riga. Suka ɗauke wayar, suka ƙara masa da mari, suka bi lungu. Wayar na biya mai ita, wannan ba komai ba ne, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yaron ya koma. Da shi ne aku a gidan, ba ya barin kowa ya yi magana. Yanzu ko kanti aka aike shi sai ya ce ƙaninsa ya raka shi, ƙanin da bai wuce shekara 9 ba.

Shi ne na ce bari in sa shi wani abu da zai dawo masa da zuciyarsa, kuma in tsautsayi ya sake gittawa ya san abin da zai yi da hannunsa da ƙafarsa. Na ambaci dambe, mahaifiyarsa ta ce ba da ɗanta ba. Muka tsaya a kan takwando, na yi tambaya na samu wuri biyu da ba su yi mana nisa ba, kuɗin wata kusan ɗaya ne.

Na farko rigarsu ta zurawa ce mai wuya kamar harafin V, suna sa sulke ja ko shuɗi a ƙirji da hular kariya. Malamin ya ce nasu shi ne na Olamfik, na ƙungiyar WT, takardar shaidarsu daga Koriya take zuwa. Na biyun rigarsu a buɗe take ta gaba, suna sa safar hannu da ta ƙafa, ba sulke. Shi kuma malaminsu ya ce nasu na ƙungiyar ITF ne, shi ne na asali, na sojoji, wancan wasan tara maki ne kawai, ko kaza ba za ka kora da shi ba. Da na koma na gaya wa na farkon, ya yi dariya ya ce su waɗancan rawa suke yi. Kowa dai na yabon gyaɗarsa.

Ni ba lambar zinare nake nema ba. Tambayata: a cikin biyun nan wanne ne zai yi wa yaro amfani ranar da aka shaƙe masa wuyan riga a bakin lungu? Ko kuwa duk asarar kuɗin mota ce? Don Allah a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Tsohon Sabom, Kaduna

Wa alaikumus salam, Baban Mubarak. Da farko ina yi maka jaje, Allah ya kiyaye gaba, su kuma yaran Allah ya shirye su. Na fara takwando ina jami'a a ƙarshen shekarun 1990, na yi gasa, na koyar har ake ce mini sabom, wato malami a yaren Koriya, yanzu gwiwa ta ce in zauna, na zauna.

Malaman nan biyu kowa ya gaya maka rabin gaskiya ya riƙe rabi. Uwa ɗaya ta haife su. Bayan Japan ta fita daga Koriya a 1945 aka buɗe makarantun faɗa da ake kira kwan, kuma yawancin waɗanda suka buɗe su karate suka koyo a hannun Japanawa. Sai a 1955 aka raɗa sunan takwando, wani janar na soja mai suna Choi Hong-hi ne kan gaba a wannan. Shi ya kafa ITF a 1966. Daga baya suka ɓata da gwamnatin shugaban Koriya ta Kudu Park Chung-hee, ya tattara ya koma Kanada a 1972. A shekarar aka buɗe Kukkiwon a Seoul, wadda ke bayar da takardar baƙar ɗamara, sannan a 1973 aka kafa WTF, wadda ta koma WT a 2017. Choi ya kai nasa salon Koriya ta Arewa a 1980, ya rasu a Pyongyang a 2002, daga nan ITF ta dare gida uku, kowa na cewa shi ne magaji, kamar gidan da aka mutu ba a raba gado ba. Saboda haka in mutum ya ce maka nasa ne na asali, siyasar Koriya yake ba ka labari, ba maganar lungun unguwarku ba.

Abin da ya shafe ka shi ne dokar karawa, domin jiki abin da ya saba yi a fili shi yake yi ranar firgici. A tsarin WT ba a naushin fuska ko kaɗan. Yadda aka ƙirga maki a Olamfik na Faris a 2024: naushi a ƙirji maki 1, shuri a jiki 2, shuri a kai 3, shurin juyi a jiki 4, shurin juyi a kai 5. To wane yaro ne zai ɓata lokacinsa kan naushin maki 1? Shi ya sa za ka ga hannuwansu a sake a gefe kamar masu jiran mota. Abin ya ƙara lalacewa da aka kawo sulke mai na'ura, wanda ya shiga Olamfik a Landan a 2012, domin na'urar ce ke cewa an ci, ba zafin dukan ba. Sai yara suka koma tsayawa a ƙafa ɗaya suna ƙwanƙwasa sulke da ƙafar gaba kamar mai sallama a ƙofar gida. Abin haushi, kalmar kwon da ke tsakiyar sunan ma'anarta dunƙulallen hannu.

A ITF ana naushin fuska, wannan gaskiya ne, kuma yana sa yaro ya saba ɗaga hannu ya kare haɓarsa. Amma duka ne na taɓawa, in ka saki ƙarfi alƙali ya hukunta ka. Mutum ya shekara biyar yana janye naushinsa kafin ya isa, me kake zaton zai yi ranar da abin ya zo da gaske? Ga kuma tul, jerin motsi 24 da suke haddacewa, da salon nan nasu na sauka da tashi a kowane taku. Kulob da yawa a nan lokacinsu yake ƙarewa.

Yanzu ka koma kan abin da ya sami Mubarak. Ba daga nesa aka fara ba, cafka aka yi. Cafka kuwa duka biyun ba su da ita a gasa, kuna rungumar juna alƙali zai raba ku. Akwai darasin da ake kira hosinsul, na ƙwace kai daga riƙo, amma a wurare da yawa abokin gwajin riƙe ka yake yi kamar mai gaisawa da surukinsa, yana jira ka murɗe shi ya faɗi.

Bari in tona wa kaina asiri. Wata shida da samun baƙar ɗamarata muka yi sa-in-sa da wani kwandasta a tasha kan canji. Ya turo ni, ni kuma na ce yau zai ga aiki, na ɗaga ƙafa zan sauke masa a kunne. Ina sanye da kaftani da takalmi sau-ciki, ƙasa kuma duk baƙin mai. Ƙafar da na tsaya a kanta ta zame, wando ya yage tun daga gaba har baya, na zauna daɓas. Shi kansa dariya ce ta hana shi dukana. Wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ce ta ara mini zani na ɗaura. Tun ranar ban ƙara koya wa ɗalibi shurin da ya wuce cibiya ba in maganar titi ake yi.

Shawarata, ka manta da haruffan da ke jikin allo. Ka je ka zauna tun farkon darasi har ƙarshe, sau biyu a kowane wuri. Ka duba ko suna karawa da wanda yake ƙoƙarin hana su, ko kuwa iska suke duka. Ka duba inda hannuwansu suke. Ka tambayi malamin abin da zai ce wa yaro in an nuna masa wuƙa, ka saurari amsar da kyau.

Ɗan Damagaram, Yamai

Sabom, da girmanka, amma ka yi wa namu rashin adalci kaɗan. Ka ba da labarin wandonka ka ɗora wa WT laifi, alhali kaftani da baƙin mai ne suka kayar da kai.

Mu nan Nijar takwando ba abin fim ba ne. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo mana azurfa a Rio a 2016, ajin masu nauyi sama da kilo 80. Kafin shi lamba ɗaya tak ƙasar ta taɓa samu a Olamfik, tagullar da Issaka Daboré ya ci a damben zamani a 1972. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Ku ma kuna da Chika Chukwumerije da ya ci tagulla a Beijing a 2008. Bayan Rio iyaye suka yi ta kai yara, ni ma lokacin na shiga, ina ɗan lakkol. Wanda ya ce shurin irin waɗannan mutane ƙwanƙwasa ƙofa ne, ya sa sulke ya tsaya gabansu minti ɗaya, sai mu ji labari.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne a WT duka na gaske ne. An yarda ka sumar da mutum da shuri, kuma in ya kasa tashi ka ci wasa. Ranar farko da dwit chagi, wato shurin baya, ya same ni a ciki, duk da sulke sai da numfashina ya ɗauke, na ga taurari da rana tsaka. Na tashi na ci gaba. Wannan shi ne abin da Mubarak yake buƙata a ganina. Yaron da bai taɓa shan duka ba, mari ɗaya ke daskarar da shi, kansa ya ɗauke wuta. Wanda ake duka sau uku a sati ya san zafi ba mutuwa ba ne, hankalinsa na jikinsa, yana iya ganin inda hanya take.

Na biyu, tazara. Duk wasanmu a kan tazara yake: taku nawa ne tsakanina da kai, yaushe ka shigo inda za ka iya taɓa ni. Yanzu ko a kasuwa nake, in mutum ya matso fiye da ƙima jikina ke ja da baya da kansa tun ban yi tunani ba. Cafkar da Sabom yake magana, sai an matso ake yin ta. Na uku, numfashi da sauri. Ka tuna yadda Cheick Sallah Cissé na Kodebuwa ya ci zinare a Rio, ana binsa maki, a daƙiƙar ƙarshe ya juya ya sami Lutalo Muhammad na Birtaniya a kai. Ba shurin nake nuna maka ba, natsuwar nake nufi, mutum ya gaji liƙis amma kansa na aiki.

Sannan ka duba yawan abokan karawa. Inda WT take akwai gasa, akwai yara da yawa masu girma daban-daban, yaro zai gamu da dogo da gajere da mai hagu. Kulob mai mutum shida da kullum su ne su ne, ko wane suna gare shi, ba zai kai nan ba.

Maganar hannu na yarda da kai, babu gardama. Ni da kaina na gane haka ranar da wani abokina ɗan damben zamani ya sa mini safa muka gwada, ya yi ta taɓa mini hanci kamar yana danna salula. Tun lokacin nake zuwa wajensu ranar Asabar. Wata shida suka gyara mini tsayuwa.

Maman Ilham

Baban Mubarak, sannu da wannan abu, a gaida maman yara. Ni ban san WT ko ITF ba sai a bakinku. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na yi shekaru a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari da waɗanda aka sara, kuma 'yata mai shekara 12 tana takwando. Ta ɓangaren nan biyu zan yi magana.

Ku maza kuna ta lissafin shuri da naushi, ni hannun nan da ke cikin riga nake kallo. Na ɗinke samari majiya ƙarfi da aka kawo mana saboda waya. Abin da na lura da shi, da yawa ba su ma san an soke su ba sai da suka ga jini, sun zaci naushi ne. Wuƙa ba ta buƙatar ƙarfi, ba ta buƙatar gwaninta, yaro ɗan shekara 13 da ya sha ƙwaya zai iya. Akwai babbar jijiyar jini a cinya, in aka same ta mintuna kaɗan ne, kafin a samo adaidaita an gama. To ita cinyar ce kuke cewa a ɗaga a miƙa wa mai wuƙa?

Tsorona da irin wannan horo ɗaya ne: yaro ya yi wata takwas, a ɗaura masa ɗamara mai launi, ya fara jin kansa, ranar da ya kamata ya miƙa waya ya tsaya. Malamin 'yata ya yi wani abu da ya sa na yarda da shi. Ya sa manyan ɗalibansa su zo da tsofaffin fararen riguna, ya ba wani ƙaramin yaro makar allo ja, ya ce wannan ce wuƙa, kai dai ka yi ta zana su, ku kuma ku ƙwace. Har mai baƙar ɗamara sai da ya fito kamar an yi masa ƙunshi, ciki da hannu da wuya duk ja. Ya ce to kun gani, in kun ga ƙarfe ku ba da abin da aka tambaya, ku bar wurin.

Amfanin da na gani a jikin Ilham daban ne. Da in babba ya yi mata magana ƙasa take kallo, muryarta ba ta fita. Yanzu tana tafiya kai a sama, kuma ihun nan da suke yi in za su kai duka ya buɗe mata murya. Wata rana wani ya riƙe mata hijabi a hanyar Islamiyya, ta fizge ta kurma ihun da ya fito da mutanen layin. Ba ta shure shi ba. Ni a wajena kuɗina ya fita.

Abu biyu kuma. Ko ina ka kai shi, ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, kuma ka guji malamin da ba ya son iyaye su zauna kallo, ko mai dukan yara da sunan horo. Sannan don Allah ka zaunar da Mubarak ka gaya masa da bakinka cewa abin da ya yi ranar nan daidai ne, ba ragwanci ba ne. Ina jin tsoron kada ya ɗauka kai shi takwando da za ka yi yana nufin ka ji kunyarsa. Yara suna fassara abu yadda ba mu zata ba.

Ɗan Guramada

Ikon Allah. Muna da dambe da kokawa a ƙofar gida, ku kuna faɗa kan rigimar Koriyawa. Baba, ka ce an shaƙe wuyan riga ko? Wannan ai aikin ɗan kokawa ne. Duk wanda ya yi kokawa a yashi yana yaro ya san yadda ake sauke ƙugu a ƙi ɗaguwa, ya san yadda ake karya riƙo. Ku tambayi Ɗan Damagaram, su da suke gasar kokawa ta cin takobi duk shekara, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya kallo.

Ku dubi masu faɗan keji ma, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Kamaru Usman da kokawa ya riƙe kambunsa. Israel Adesanya ya taɓa takwando yana yaro a Legas, amma da damben haɗa hannu da ƙafa ya yi suna. Waɗanda suka fito daga takwando suka yi nasara a can, irin su Anthony Pettis, sai da suka ƙara da naushi da kokawar ƙasa. Ba wanda ya shiga da shuri kaɗai ya fito da haƙoransa.

Amma fa Hajiya ta yi gaskiya da ta hana dambe, kar a ce na zuga. Hannun da aka naɗe da zare ba abin wasan ɗan shekara 14 ba ne, kuma ba a sa hular kariya. Ni kaina haƙorina ɗaya na gaba na roba ne.

Tsohon Sabom, Kaduna

Ɗan Damagaram, ɗana, na karɓi gyara a kan dukan gaske da tazara, ka faɗi abin da na tsallake. Amma ka lura kai ma sai da ka je aron hannu wajen 'yan dambe. Kuma Alfaga ya haura mita 2, ƙafarsa kaɗai ta kusa tsawon Mubarak, kada mu auna yaron mutane da shi.

Maman Ilham ta fi mu duka gaskiya. Gwajin makar nan ni ma na yi shi, ban taɓa ganin wanda ya fita da farar riga ba.

Baban Mubarak, ƙarin abu ɗaya. In malami ya yi maka alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara guda, kuɗin jarrabawa yake hange. A tsarin Kukkiwon ma yaron da bai kai 15 ba ba a ba shi dan, wato matakin baƙar ɗamara, poom ake ba shi, ɗamara rabi ja rabi baƙi. In akwai masu judo kusa da ku, ko kwana ɗaya a sati ya je, domin su da wuyan riga suke fara komai, kuma za su koya masa faɗuwa ba tare da ya fasa kai ba. Sannan ka gaya masa doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma ba ta yarda ya wuce gwargwadon abin da ya tunkaro shi ba. Wanda ya juya ya gudu, in ka bi shi ka illata shi, kai za a tambaya.

Baban Mubarak, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don in je in gani da idona kamar yadda Sabom ya ce. Na rufe shago da wuri sau huɗu, yaran shagon har sun fara zargin ko aure zan ƙara.

Wurin masu safar hannu na fara zuwa. Suna da ladabi sosai, layinsu kamar na sojoji. Amma a awa ɗaya da rabi, kusan awa guda a jerin motsin nan ta tafi. Safar hannu biyu ce kawai a kulob ɗin, saboda haka mutum huɗu kacal suka samu karawa, bibbiyu, sauran suna zaune. Zuwa na biyu ma haka. Da na yi tambayar wuƙa, malamin ya kira wani ɗalibi ya ba shi wuƙar katako, ya murɗe hannunsa ya kayar da shi cikin ƙiftawar ido, abin sha'awa wallahi. Sai na fito da maka daga aljihu, na ce ko za a gwada da wannan, yaron ya yi yadda ya ga dama? Ya ce ba a yin haka, akwai matakai. Ban ja ba, na yi godiya.

Wurin masu sulke hayaniya ta fi yawa, yara sun kai talatin, kowa ya jiƙe sharkaf. Rabin lokacin karawa suke yi, ana canza abokin karawa. Hannuwa kuwa a ƙasa, yadda Sabom ya faɗa, har na ga wata yarinya tana gyara hularta ana tsakiyar wasa. Na yi wa malamin tambayar wuƙa. Ya dube ni ya ce, Alhaji, wayar nawa ce? Na faɗa masa. Ya ce to ɗanka nawa ne? Ya ce shi wasa yake koyarwa, ba zai yi mini ƙarya ba, amma ranar Asabar yana sa manya su sa safa su yi aikin hannu da ƙwace riƙo, kuma in Mubarak ya yi wata uku zai sa shi a ciki. A nan na biya kuɗin wata.

Ba ina cewa WT ta fi ITF ba ne, kar masu ita su taso mini. Da malaman nan za su yi musanyar wuri, da can zan bi shi.

Maman Ilham, na zaunar da shi kamar yadda kika ce. Ashe abin da kika hango ne. Ya ce shi tunaninsa kullum kuɗin wayar da na biya, yana ganin ya ja mini asara. Na ce masa gilashin waya nawa na fasa da hannuna ina koyon aiki, wa ya kashe ni? Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun ranar.

Ya je sau uku yanzu. Cinyoyinsa sun yi tsami, da ƙyar yake durƙusawa a sallah, mahaifiyarsa na ta gasa masa da ruwan zafi tana harara ta. Jiya ya tafi sayo burodi shi kaɗai, sai da ya dawo muka lura.

Judo ban samu kusa ba tukuna, wanda ya san wuri a cikin gari ya taimaka. Kuma an ce in sayo masa robar haƙori kafin Asabar. Wadda ake jefawa a ruwan zafi a ciza ita ce daidai, ko akwai wata?